Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban hukumar kula da shafukan intanet na gwamnati: shafinku ya ƙi zama wuri guda

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ba za mu ja zance ba, tunda kai ka ƙaddamar da shafin nan, kai kuma ka yi alkawarin cewa jama'a za su cika fom su biya kuɗi daga inda suke, ba sai sun bi layi ba. Layi kam ya ragu. Amma shafin da ya maye gurbinsa tsalle yake yi, kuma mu da gina shafukan intanet ne sana'armu muna ganin abin da ke sa shi tsallen.

Mutum ya tashi daga shafin farko zuwa na cika fom, sai taken da ke saman shafi da jerin mahaɗai su zame gefe. Ya kai yatsa kan "Ci gaba", kafin ya taɓa sai wata sanarwa ta faɗo daga sama ta tura komai ƙasa, yatsan ya sauka kan "Soke". Kamar a zare wa mutum kujera ne yana shirin zama. Fom ɗin da ya ɓata lokaci yana cikawa ya tafi, kuma a ƙarshe shi za a ce bai iya kwamfuta ba.

Zamewar gefen nan sandar gungurawa ce ke jawo ta, wato sandar da ake ja a yi sama ko ƙasa da shafi. A kwamfutocin Windows sandar tana cin faɗin fiksil (ƙananan ɗigogin allo) 15 zuwa 17 a gefen dama. Gajeren shafi ba ya buƙatar ta, dogo yana buƙata. Da yake an tsara abin da ke shafinku ya zauna a tsakiya, duk lokacin da aka tashi daga gajere zuwa dogo sai komai ya gusa hagu da rabin faɗin sandar, kusan fiksil 8, in an dawo ya koma dama. Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin CSS, mai tsara kamannin shafi: a sa wa html umarnin scrollbar-gutter: stable, wanda ke keɓe wa sandar wurinta ko tana nan ko ba ta nan. Chrome ya san umarnin tun 2021, Firefox tun 2022, Safari tun ƙarshen 2024. Ga tsofaffin burauza kuwa, wato manhajojin buɗe shafin intanet irin waɗannan, overflow-y: scroll yana yin aikin. Haka abin yake idan ƙaramin akwatin tambaya ya buɗe aka kulle shafin da ke bayansa da overflow: hidden, sandar ta ɓace, shafin ya faɗaɗa, a rufe akwatin ya tsuke. Duk inda kuma aka rubuta faɗi da 100vw a duba shi, domin wannan ma'auni yana haɗawa da wurin sandar.

Me ya sa 'yan kwangilarku ba su gani ba? A waya, da galibin kwamfutocin Mac, sandar tana shawagi ne a kan shafi, ba ta cin wuri. Wanda ya gina shafi a Mac ya gwada a wayarsa zai rantse maka lafiya ƙalau yake.

Mun san za a ajiye maka rahoto mai koren launi a kan tebur, don haka ga abin da koren ke nufi. A 2020 Google ya fito da ma'aunin CLS na auna gushewar abubuwa a shafi: 0.1 ko ƙasa da haka yana da kyau, sama da 0.25 ya lalace, kuma ana so kashi 75 cikin ɗari na ziyarce-ziyarce su cika sharaɗin. Sai dai ma'aunin yana kallon abin da ya motsa a cikin shafi guda ne. Bambancin wurin take tsakanin wannan shafi da na gabansa ba ya shiga lissafi. Motsin da ya faru cikin rabin daƙiƙa bayan mutum ya danna wani abu ma yafe shi ake yi. Gwajin da aka saba yi da Lighthouse, manhajar Google ta auna shafi, kuwa yana buɗe shafi sau ɗaya ne ya ba da maki, ba ya danna komai, ba ya cika fom. To madalla da kore, Allah ya ƙara masa haske. Jama'a dai ba rahoto suke dannawa ba.

Tsallen sama da ƙasa ya fi na gefe ɓarna. Hotunan shafinku, har da tambarin hukuma da hotonka da ke sama, ba a rubuta musu width da height ba. Burauza ba ta san girman hoto sai ya iso, don haka ba ta bar masa wuri, in ya iso ya ture rubutu. Da an rubuta lambobin biyu, da ta lissafa tsayin tun kafin hoton ya sauka. Sanarwar da ke faɗowa kuwa JavaScript, wato umarnin da ke aiki a cikin burauza, ne ke cusa ta bayan shafi ya riga ya bayyana. Ko dai a aiko ta tare da shafin tun daga saba, wato kwamfutar da ke aiko da shafin, ko a keɓe mata gurbi da min-height, ko a sa ta a ƙasan allo inda ba ta ture kowa. In dole sai ta shigo da motsi, a motsa ta da transform, kada a riƙa sauya height ko top. Sannan sassa uku na shafin an gina su da ƙira uku, kowanne da tsayin takensa, alamar hannu uku ne suka yi aikin ba wanda ya duba na wani. A haɗa su kan ƙira ɗaya.

Akwai kuma batun haruffa, wanda ya fi damun masu karanta Hausa. Shafin yana fara nuna rubutu da salon haruffan na'ura, daga baya naku ya iso ya maye gurbinsa. Faɗinsu ba ɗaya ba ne, sai layuka su sake karyewa. Ƙari a kan haka, salon da kuka zaɓa ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai burauza ta aro su daga wani salo, tsayin layi ya sauya. A zaɓi salo mai waɗannan haruffa, a sa masa preload, a daidaita na wucin gadi da size-adjust, a kuma ƙayyade line-height.

Ba sai ka yarda da mu ba, Yallaɓai. Ka sa a kawo kwamfutar Windows, a buɗe shafin a Chrome, a danna F12. A ɓangaren Rendering a kunna Layout Shift Regions, wanda ke haska abin da ya gusa a cikin shafi. A ɓangaren Network a rage gudun intanet zuwa 3G, a kashe ma'ajiyar wucin gadi, domin intanet ɗin ofis mai sauri yana ɓoye rabin matsalar. Sai a bi hanyar da talaka ke bi: shafin farko, fom, biya, a danna komawa baya, a sake shiga. Minti goma sun isa.

Da sauran ƙorafe-ƙorafe, irin su fom ɗin da ke mantuwa da abin da aka rubuta in an koma baya, da takardun PDF da waya ba ta iya karantawa. Waɗannan sai wani jiƙon.

Don Allah, kafin a biya ɗan kwangila ragowar kuɗinsa, a yi wannan gwaji a gabanka. A rubuta cikin sharuɗɗan karɓar aiki cewa take da maɓallai za su tsaya wuri guda daga shafi zuwa shafi, kuma makin da za a duba shi ne na ainihin masu ziyara, wanda shafin PageSpeed Insights na Google ke nunawa na kwana 28, ba na gwajin ofis kaɗai ba. Gyaran sandar ma dai ba ya buƙatar kwamiti, ana iya yin sa yau kafin a tashi daga aiki.

Mun gode,
Wasu masu gina shafukan intanet