Kafin Ɗan Sanda Ya Iso Ƙofar Makaranta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu iyaye mazauna Amurka, wato yadda ake wayar gari a ji cewa ɗan sanda ya harbe yaro ɗan shekara 15 ko 17 a cikin makarantarsu. Duk sa'ad da haka ta faru, 'yan uwa na gida kan bugo waya suna tambaya ko yaranmu lafiya, mu kuma idan mun haɗu bayan sallar Juma'a sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce 'yan sandan ƙasar nan ba su ɗauki ran yaro a bakin komai ba, musamman idan baƙar fata ne, wasu kuma su ce duk yaron da ya ɗauki bindiga ya shiga aji shi ya jawo wa kansa. A ganina, tambayar da ta fi dacewa a yi ita ce: wa ya fi kowa samun lokacin da zai iya hana abin faruwa, kuma me ya yi da lokacin?

Abin da ya faru a makarantar sakandare ta Oxford, a jihar Michigan, shi ne ya sa na fara tunani a haka. Ranar Juma'a 26 ga Nuwamba, 2021, wani uba mai suna James Crumbley ya shiga shago tare da ɗansa mai shekara 15 ya sayi ƙaramar bindiga, washegari kuma uwar, Jennifer, ta kai yaron filin koyon harbi, har ta rubuta a shafinta na intanet cewa kyautar Kirsimeti ce. Ranar Litinin aka ga yaron a aji yana neman bayanin harsasai a wayarsa, makaranta ta sanar da uwar, sai ta aika masa da saƙo tana raha cewa ba ta yi fushi ba, ya dai koyi yadda ba za a kama shi ba. Ranar Talata da safe, 30 ga wata, aka tsinci takardar lissafinsa ya zana bindiga da harsashi da mutum kwance cikin jini, ya kuma rubuta cewa tunanin ya ƙi barinsa, a taimake shi. Aka kira iyayen suka zo, aka nuna masu takardar, aka ce su kai shi wurin masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Suka ce suna da aiki, ba za su tafi da shi gida ba, kuma babu wanda ya buɗi baki a cikinsu ya ce kwana huɗu da suka wuce sun saya masa bindiga irin wadda ya zana. Makarantar ma ba ta bincika jakarsa ba, alhali bindigar tana ciki. Kafin ƙarfe 1 na rana ya harbi mutum 11, ɗalibai 4 suka rasu, mutum 7 suka jikkata, har da malama guda.

An yanke wa yaron ɗaurin rai da rai. A shekarar 2024 kuma kotu ta sami uwar da uban da laifin jawo kisa ta hanyar sakaci, aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15, kuma su ne iyaye na farko a Amurka da aka hukunta haka saboda harbin da ɗansu ya yi a makaranta. Na ji mutanenmu da dama suna cewa an zalunce su, don ba su ne suka ja kunamar bindiga ba, kuma ka haifi yaro ne ba ka haifi halinsa ba. Gaskiya ne ba a haifar hali, amma ba halin yaron aka tuhume su da shi ba. An tuhume su ne da abin da suka sani suka yi shiru, da makamin da suka bari inda hannunsa zai kai.

Ba ina faɗin haka don na fi su ba, Edita. Shekarun baya an taɓa kirana daga makarantar ɗana, yana ɗan shekara 14, aka ce ya daina magana da kowa, yana kwana a aji, kuma ya rubuta wasu kalamai a bayan littafinsa da suka tayar wa malamarsa hankali. Ina tsaye a ofishin da makullin mota a hannu, ina duban agogo saboda na baro aiki, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne: "Ba komai, ƙuruciya ce, zan yi masa faɗa." Haka aka tarbiyyantar da mu, yaron da ya yi shiru mai kunya ne, wanda ya yi fushi kangararre ne, maganar ciwon damuwa kuwa abin kunya ne da ba a so maƙwabta su ji. Mahaifiyarsa ce ta kafe sai mun tafi da shi gida a ranar, kuma a cikin mota, ba tare da ya dube mu ba, ya ce wata biyar ke nan wasu yara suna tare shi a banɗaki. Ina kwana gida ɗaya da shi duk tsawon watannin nan ban sani ba, domin na fi lura da makinsa na jarrabawa fiye da fuskarsa.

Sai dai ɗora wa iyaye nasu kason ba ya nufin an wanke 'yan sanda. A Oxford an kama yaron da ransa bayan ya kashe mutane, domin ya miƙa wuya da 'yan sanda suka iso. A wasu wuraren kuwa an kashe yaran da ba su kashe kowa ba. A watan Janairun 2006, a wata makarantar garin Longwood da ke jihar Florida, ɗan shekara 15 ya firgita 'yan ajinsu da bindigar da daga baya aka gano ta harbin ƙananan ƙwallaye ce, ya gudu ya shige banɗaki, aka kewaye shi, aka harbe shi da ya ɗaga ta. A Janairun 2012 an yi kusan irin wannan a Brownsville ta jihar Texas, shi ma ɗan shekara 15. Wanda ya fi tsaya mani a rai shi ne na Knoxville, jihar Tennessee, ranar 12 ga Afrilu, 2021. Wata uwa ta kai ƙarar wani ɗalibi mai shekara 17 cewa ya ci zarafin 'yarta, 'yan sanda huɗu suka same shi a banɗakin makaranta, suka yi yunƙurin sa masa ankwa. Akwai bindiga ta gaske a aljihun rigarsa, ta tashi ana cikin kokawa, sai ɗaya daga cikinsu ya yi harbi sau biyu, harsashi guda ya kashe yaron, ɗayan ya sami abokin aikinsa a ƙafa. Mai gabatar da ƙara ta ce harbin yana bisa doka, ba a gurfanar da kowa ba.

Doka a nan tana duba abin ne ta idon ɗan sandan da ke wurin. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar Graham da Connor, ma'aunin shi ne ko ɗan sanda mai hankali, a irin wannan hali, zai ga akwai hatsari, ba abin da aka gano bayan ƙura ta lafa ba. Na yarda cewa babu mai iya bambance bindigar wasa da ta gaske idan an nuna masa ita daga taku goma. Na kuma san abin da ke zuciyar 'yan sanda tun bayan harin makarantar firamare ta garin Uvalde, a jihar Texas, inda a ranar 24 ga Mayu, 2022, jami'ai kusan 400 suka taru, aka shafe minti 77 kafin a shiga ajin da maharin yake, aka rasa yara 19 da malamai 2. Babu ɗan sandan da yake so a ce da shi ya tsaya a waje ana kashe yara. Amma wanda ke harbin mutane a aji daban yake da yaron da ya maƙale shi kaɗai a banɗaki. Na biyun, idan an kwashe ɗalibai an tsare ƙofa, babu inda za shi, kuma ana iya jira a kira uwarsa, ko malamin da yake jin maganarsa, ko mai lallashi. Idan jami'i ya kutsa ya matse shi, shi da kansa ya mayar da awa guda ta zama daƙiƙa biyu, sannan ya dawo ya ce daƙiƙa biyu kawai yake da ita. A watan Mayun 2025 Kotun Ƙoli ta ce, a shari'ar Barnes da Felix, dole a duba dukan abin da ya gudana kafin harbi, ba lokacin jan kunamar kaɗai ba, kuma ina fatan wannan zai kai ga yadda ake horar da su.

Jihar Michigan ta fara aiki da doka a 2024 wadda ta wajabta kulle bindiga a duk gidan da yaro yake. Galibin gidajenmu babu bindiga, amma yaranmu suna zuwa gidajen abokansu, suna kuma sayen ta wasa ta intanet da kuɗin da muka ba su, wasunta ko a hannu ka riƙe sai ka duba da kyau kafin ka gane ba ta gaske ba ce. Roƙona ga 'yan uwana iyaye a nan shi ne, duk ranar da makaranta ta kira, a ajiye aiki a je, a faɗa masu abin da aka sani ko da akwai kunya a ciki, a buɗe jakar yaron da hannu, sannan a tafi da shi gida a ranar. Ni ba don mahaifiyarsa ta kafe ba, da na bar nawa a aji na koma wurin aiki.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani uba, mai karanta jaridarku daga Amurka