Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da intanet na gida a Birnin Kebbi

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na kawo kukana bainar jama'a ne saboda kiran waya da sintiri zuwa ofishinku sun ƙi yi mini magani. Duk wanda na samu, amsarsa ɗaya ce: kashe na'urar ka sake kunnawa.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da walima. Masu ɗauka daga Argungu da Jega da Yawuri suna turo mini aikinsu, in sauke a kwamfutar tebur da ke ɗakina a Gesse, in gyara, in mayar musu. Fayil guda yakan kai gigabait 4. Tsarin da nake biya duk wata kun ce gudunsa Mbps 20, wato megabait 2.5 a daƙiƙa, tunda bit 8 ke yin bait ɗaya. Ke nan bai kamata irin wannan fayil ya kai ni rabin awa ba. Amma daga an idar da Magariba har tsakar dare, gudun ba ya kai Mbps 1. Fitilun sigina a jikin rautar, wato na'urar intanet ɗin, duk a kunne, ga layin saukewa a allo ya cije a kashi 12, yana nuna mini saura awa 8. Janareto na shan mai a waje, uwar amarya kuma na ta kira tana tambaya ko an gama.

Kafin in ɗora muku laifi sai da na binciki gidana. Na daina amfani da Wi-Fi, na haɗa kwamfutar da rauta kai tsaye da sabuwar wayar intanet, irin wadda ake kira Cat6. Na dakatar da sabuntawar Windows, na rufe duk manhajar da ke jan data a ɓoye, na binciki bairos. Wayoyin yara da na uwargida duk na cire su daga layin, rautar ma na mayar da ita bakin taga. Har laftof na aro wurin maƙwabci, shi ma haka. Abin da ya raba gardama shi ne awo da shafukan auna gudun intanet na Speedtest da Fast.com: wannan kwamfuta, wannan wayar Cat6, bayan sallar Asuba suna ba ni Mbps 18. Kwamfutar da ta lalace ai ba ta duba agogo. Ko dai turakunku na unguwarmu sun ɗauki mutanen da suka fi ƙarfinsu, ko kuma akwai wani ƙa'idin rage gudu da ba a faɗa mini ba ranar da na biya kuɗi.

Na san wahalar da kuke sha ta dizal da masu aikin hanya da ke tsinka wayoyin faiba. A watan Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, duk mun yi haƙuri, domin an faɗa mana gaskiya. To wannan fa? A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, bisa cewa aiki zai inganta. Ƙarin mun gan shi a aljihunmu.

Ina roƙonku ku turo injiniya gidana da dare, lokacin da abin ke faruwa, ba da hantsi ba. Ku kuma rubuto mini a fili ko tsarina yana da iyakar da ake rage gudu bayanta. Kwanakin da na biya ban ci moriyarsu ba, a mayar mini da su. Idan wata ya ƙare shiru, zan kira NCC ta 622, in kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, hotunan awon da na adana, kowanne da ranarsa da lokacinsa.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai hulɗa da ku daga unguwar Gesse, Birnin Kebbi