Wasiƙa: Ga 'yan kasuwarmu da ke zuwa Italiya suna kwana da yunwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Sana'ata fata ce, ita na gada, kuma ita ke kai ni Italiya tun furfura ba ta fito mini ba. Duk wanda ya san harkar ya san fatun awaki da na tumaki da ake jemewa a Challawa da Sharada da Bompai, da yawansu Italiya suke ƙarewa, can a gyara su a ɗinka takalmi da jaka, a dawo mana da su da tsadar da ba ta da kai. Wannan kukan na wata rana ne. Yau maganar ciki ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Sau biyu a shekara ake baje kolin fata na Lineapelle a Milan, a watan Fabrairu da watan Satumba, kuma ba a rasa mutanenmu a wurin. Abin da ke damuna shi ne yadda suke zama. Alhaji guda, mai ciyar da gida uku a Kano, sai ka same shi a ɗakin otal yana jiƙa garin kwaki da ruwan gora, ko ya yi mako bai ci komai ba sai biskit da kebab na bakin tasha. Wani ma kilishi ya ƙunso a jaka, jami'an kwastan suka karɓe a filin jirgi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko madara daga wajen ƙasashenta. Ba rowa ce ke hana su shiga gidan abinci ba, tsoron alade ne, kuma tsoron yana kan hanya. Amma yana jawo musu asarar da ba su lissafawa. Mutumin Italiya ba ya sakin jiki da kai a ofis. A Solofra, ƙaramin garin majema da ke kusa da Avellino, inda suka ƙware kan fatar akuya da tunkiya, za a nuna maka kaya da safe, a yi ta zagaye-zagaye, amma farashi ba ya nuna sai an zauna cin abincin rana. Wanda aka gayyata ya ce ya ƙoshi, to ya ƙoshi da cinikin ma.

Abu na farko da baƙo zai sani shi ne lokaci. Gidan abinci na gaske yana buɗewa wajen ƙarfe 12:30 na rana, ya rufe girki kafin ƙarfe 3, ba za a sake kunna wuta ba sai 7:30 na yamma, a kudu ma sai 8 ta wuce. Idan ka ga wurin da ke dafa taliya ƙarfe 5 na yamma, ga hotunan abinci manne a ƙofa, ga wani tsaye yana kiran masu wucewa, to na 'yan yawon buɗe ido ne, kuɗinsa ya fi yawa, daɗinsa ya fi kaɗan. Ni dai wurin da nake nema shi ne inda na ga leburori da ma'aikatan banki sun cika tebura da rana, jerin abincin bai wuce shafi guda ba.

Tsarin cin nasu kuma hawa-hawa ne. Akwai ɗan abin taɓawa na farko, sai taliya ko shinkafa, sai nama ko kifi, ganye kuma dabam ake sayensa. Ba dole ne ka bi duka ba. Ka ce taliya kaɗai kake so, ba wanda zai harare ka. Abin da dai ba za su yi maka ba shi ne su tula taliya da nama da ganye a faranti ɗaya, kuma roƙon hakan ɓata baki ne.

To, sai maganar alade, wadda ita ce gaba da komai. Matsalar ba ta yankan naman da ake gani ja-ja-wur a faranti ba ce, wannan ko yaro ya gane shi. Matsalar ita ce wanda ya ɓuya. Taliyar carbonara, da kowa ke jin sunanta, da kumatun alade ake yin ta. Haka amatriciana, wadda a ido miyar tumatir ce kawai. Miyar niƙaƙƙen nama ta Bologna, wadda ake zubawa a lasagne, naman sa ne amma ana haɗa shi da na alade, a kuma zuba giyar inabi. Tortellini, wato 'yan ƙulle-ƙullen taliya, cikinsa alade ne. Miyar wake da za ka ɗauka ta talakawa ce, sau da yawa da fatar alade ake ba ta ɗanɗano. Har burodi bai tsira ba: piadina ta yankin Romagna da kitsen alade ake murza ta a gargajiyance, haka wasu kayan fulawa na Napoli. Tarkon da ya fi kama Bahaushe kuwa shi ne son yaji. Ya duba jerin fiza ya ga an zana barkono a gefen diavola, sai ya nuna ta da yatsa, alhali yajin nata daga tsiran alade yake fitowa. 'Nduja ta yankin Kalabiriya ma haka take, ja ce kamar dakakken yaji, amma alade ce tsantsa.

Kada kuma wani ya dogara da lambobin da ke gefen sunan abinci. Dokar Turai ta tilasta bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, irin su gyaɗa da ƙwai da madara da alkama. Alade ba ya cikinsu. Saboda haka sai an buɗe baki an tambaya. Kalma biyu sun isa a fara, "senza maiale", wato ban da alade, amma kada a tsaya nan, domin mai kawo abinci yana iya rantse maka babu alade alhali akwai pancetta ko prosciutto ko strutto a ciki, wato naman alade mai gishiri da kitsensa, shi a wurinsa waɗannan kowanne da sunansa. Sai ka jero masa su ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara da giya, domin risotto, dafa-dukar shinkafarsu, ma da farar giya ake fara shi, kayan zaƙin tiramisu kuma wasu na zuba masa giyar Marsala. Ba sa jin haushin tambaya. Mutanen da za su yi awa guda suna gardama kan yawan gishirin ruwan taliya, tambaya a kan girki ba ta gundurar su. Wata dabara kuma: leƙa wajen murhu. A Milan masu gasa fiza da yawa Misirawa ne, a kicin kuma ba ka rasa ɗan Bangaladash ko ɗan Senegal. Yi masa sallama ka tambaye shi, zai gaya maka gaskiya da ido ɗaya.

Idan an cire waɗannan, abin da ya rage ya fi ƙarfin cikin mutum guda. Fiza marinara ba ta da komai sai tumatir da tafarnuwa da man zaitun da wani ganye mai ƙamshi. Margherita kuma tumatir ce da cuku da ɗoɗɗoya irin tasu. A Napoli, inda hukumar UNESCO ta sanya gwanintar masu gasa fiza cikin kayan gadon duniya a 2017, kuɗinta bai kai na kebab ɗin tashar Milan ba, kuma minti biyu ba ta cikawa a tanda. Mai son yaji ya nemi arrabbiata, tumatir ce da tafarnuwa da barkono, ko taliyar man zaitun da tafarnuwa da barkono, wadda ko ba ta cikin jeri za su yi maka. Akwai pasta alla Norma ta Kataniya, da soyayyen baƙin yalo. Akwai pesto na Genoa, miyar taliya ta dakakkiyar ɗoɗɗoya. Akwai gasasshen kifi da lemun tsami, wanda shi ne abincina idan aka gayyace ni, tunda yana fitar da ni kunya ba tare da dogon bayani ba.

Mutanenmu kan ce taliyarsu ba ta dahu ba. Ta dahu, haka suke son ta, da ɗan tauri a tsakiya, kuma idan baki ya saba, tamu ce za ka ji ta luguiguice. Kada a mayar da ita kicin, abin kunya ne. Kuma mu daina kallon abincin nan kamar wani abu ne da ba mu da alaƙa da shi. Musulmi sun shiga tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya a 827, gari na ƙarshe bai fita hannunsu ba sai 1091. Masanin ƙasa al-Idrisi, a littafin da ya kammala wa Sarki Roger na Biyu a 1154, ya ambaci garin Trabia kusa da Palermo, inda ake yin busasshiyar taliya ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Har gobe a garin Trapani na tsibirin kuskus suke turarawa, su ci da romon kifi. Tumatir ɗin da suke tinƙaho da shi kuwa daga nahiyar Amurka ya zo musu a ƙarni na 16, su ma baƙo ne a wurinsu. Na taɓa gaya wa wani mai majema haka a kan tebur, ya ajiye cokali ya yi mini wa'azin rabin awa, amma ranar ya rage mini farashi.

Wajen biya akwai abubuwan da ke sa baƙo ya ga kamar an cuce shi. Za ka ga an ƙara yuro 2 ko 3 a kan kowane mutum, kuɗin zama ne da burodi, coperto suke ce masa, kuma a rubuce yake a ƙasan jerin abinci da ƙananan baƙaƙe. Ba sata ba ce. Inda ake yanka mutum shi ne wajen kifi da babban nama, domin farashin da aka rubuta sau da yawa na giram 100 ne, ba na kifin duka ba. Ka sa a auna a gabanka, a faɗi kuɗin, sannan a ɗora a wuta. Ruwan sha saye ake yi, kuma za a tambaye ka mai gas ko marar gas. Kofi a tsaye bakin kanta yuro 1 ne da 'yan canji, amma ka zauna a kujera a babban dandali, sai ya ninka sau uku ko fiye. Takardar lissafi ba ta zuwa sai ka nema, don a wurinsu kawo ta ba a tambaya ba kora ce. Tukuici ba dole ba ne. Rasit kuwa karɓe shi ka riƙe. Masu ciniki kuma su sani, daga Janairun 2023 doka ta hana biyan tsabar kuɗi da ya kai yuro 5,000, wanda kuma ya shigo da yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana a kwastan.

Zirga-zirga ba ta da wuya. Jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Roma daga Milan cikin awa 3, tikitinsa da lambar kujera da lokaci, ba ruwansa da tambari. Tikitin takarda na ƙananan jirage shi ne sai an cusa shi a wata 'yar na'ura da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin a hau. Wanda bai buga ba, ko da kuɗinsa ya saya, tara zai biya, kuma mai duba tikiti ba ya jin "ban sani ba". Tikitin bas a shagon taba ake samu, mai alamar babban harafin T. A riƙa duba labarin yajin aiki, sun fi yin sa ranar Juma'a, ana kuma sanarwa tun da wuri. Watan Agusta kada ma a je da niyyar ciniki, musamman makon 15 ga wata, masana'antu a kulle suke, kowa ya tafi bakin teku. A manyan tashoshi a mayar da jaka gaba, 'yan sanen can ba su da na biyu.

Abu biyu na yaba musu. A Roma akwai famfunan titi sama da 2,000 da ke zuba dare da rana, ruwan sanyi ne mai kyau, kyauta, ka cika gorarka ka wuce. Sannan banɗakinsu yana da wurin tsarki da ruwa, tun 1975 doka ta sa shi cikin sharuɗɗan gina gida, kuma da wuya ka shiga otal ka rasa, abin da mai zuwa Ingila ko Jamus zai so ya samu. Wanda Juma'a ta riska a Roma ya nemi babban masallacin da aka buɗe a 1995, yana arewacin birnin. Mai son naman yanka kuma ya je kasuwar Esquilino kusa da tashar Termini, ko titin Via Padova idan a Milan yake.

Malam Edita, roƙona shi ne shafinku na addini ya kai wa malamanmu tambaya biyu, su amsa a rubuce. Ta farko, naman sa da na kaza da ake sayarwa a gidajen abincin ƙasar Kirista irin wannan, inda mahauta ke sumar da dabba kafin yanka, yana shiga cikin abincin Ahlul Kitabi da Suratul Ma'ida ta halatta ko ba ya shiga? Ta biyu, mene ne hukuncin abincin da aka zuba wa giya a tukunya ta ƙone a wuta? Ni kifi da ganye nake ci, ina kauce wa duka biyun, amma yaran da muke turawa yanzu suna tambayata, ni kuwa ɗan kasuwa ne, ba ni da hurumin ba da fatawa. Idan amsar ta fito kafin baje kolin Satumba, zan buga ta in raba wa duk wanda muka hau jirgi tare.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwar fata,
Ƙofar Wambai, Kano.