A tsara hanyoyin keke a Tsaunin Mambila kafin baƙi su tsara mana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi ƙananan hukumomin Sardauna da Gashaka a Jihar Taraba, wanda na san wasu masu karatu za su ɗauke shi wasa da farko, wato hawan keke a hanyoyin burji da suka ratsa tsaunuka da kurmi. Na yi shekaru ina koyarwa a kan Tsaunin Mambila, kuma keke ne abin hawana a mafi yawan wannan lokaci, saboda haka hanyoyin da zan ambata cinyoyina sun san su kafin alƙalamina.

A 'yan shekarun nan wani nau'in hawan keke ya bunƙasa a Turai da Amurka, inda mahaya ke guje wa kwalta da gangan, su nemi hanyar tsakuwa da jar ƙasa wadda motoci ba su cika bi ba. Keken da suke hawa kansa a lanƙwashe yake kamar na tsere, amma tayarsa ta fi faɗi, takan kai milimita 40 zuwa 50 alhali ta keken tsere ba ta cika wuce 30 ba, kuma yana da birki mai faifai da giya masu laushi domin hawan tudu. Abin ya girma har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara shirya masa gasar duniya a shekarar 2022 a yankin Veneto na Italiya, kuma gasar 2024 an yi ta a Beljiyam daga Halle zuwa Leuven, ta cikin gonaki da dazuzzuka. A taƙaice dai, akwai mutanen da ke sayen tikitin jirgi su ƙetare teku domin neman irin hanyar da mu kullum muke kuka da ita.

Wanda ya taso daga Jalingo ya bi ta Bali da Serti, zai iso Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan hanya ta fara nannaɗewa tana hawa har mutum ya tashi sama da kimanin mita 1,000 kafin ya fito Maisamari. Wannan babbar hanya ce mai kwalta, duk da cewa kwaltar ta sha wuya, kuma ita ce ke wucewa Nguroje har Gembu. Abin da ya shafi maganata shi ne rassan da suka ɓalle daga jikinta, waɗanda suka nufi Kakara inda gonakin shayi suke, da Mayo Ndaga, da Dorofi, da ƙauyukan da ke bin kwarin Kogin Donga. Tsaunin yana kan tsayin kimanin mita 1,600 daga teku, kuma da yake zafin iska na raguwa da wajen digiri 6 a kowane mita 1,000 da aka hau, mahayin keke zai iya tuƙi da tsakar rana a lokacin da mutumin Jalingo ke neman inuwa. Ƙasar ba ta da shimfiɗa ko kaɗan. Tudu ne bayan tudu, an lulluɓe su da ciyawa, a tsakaninsu kwazazzabai masu ruwa da sauran kurmi, sai kuma gandayen itacen turare da aka dasa a gefen garuruwa. Da wuya mutum ya yi tafiyar kilomita ɗaya bai canza giya ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da masu wannan wasa ke nema.

Daga cikin wuraren da na fi so a fara da su akwai kewayen dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje. Kurmin tsauni ne na asali, irin wanda ya yi ƙaranci a Najeriya, yana manne da gangaren dutse, akwai birai iri-iri a cikinsa har da biri mai kama da mutum, kuma masu bincike daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan sun daɗe suna aiki a wurin tare da 'yan ƙasa. Ba na neman a shigar da keke cikin kurmin, domin turbar da ke ciki ta ƙafa ce kuma taya tana zaizaye ƙasa mai danshi. Abin da ya dace shi ne hanyar keke ta bi ta saman tudu inda ake hangen kurmin daga sama, mahayi ya jingina kekensa a ƙauye, ya biya ɗan jagora ya shiga da shi a ƙafa.

Sai dai ya kamata a faɗa wa duk mai sha'awa gaskiyar wurin. Damina a Mambila doguwa ce, takan kama tun daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma jar ƙasar nan idan ta jiƙe takan yi santsi kamar an shafa mata sabulu, sannan ta manne tsakanin taya da ƙarfen keke har taya ta daina juyawa. Tsofaffin motocin Land Rover da ke jigila a ƙauyuka sukan bar ramuka biyu masu zurfi a hanya, waɗanda idan suka bushe suka ƙame sun isa su kayar da gwani. Lokacin keke shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ma da sharaɗin a fita da rigar sanyi, domin asuba a kan tsaunin ba ta da wasa. Gangara kuwa ta fi hawa haɗari. Na taɓa saukowa wani dogon gangare da keke mai birkin roba, robar ta yi zafi ta daina kamawa, sai da na karkata cikin ciyawa da gangan na faɗi, na kuma gode wa Allah da ba ta ɓangaren kwazazzabo na karkata ba. Mai faci ana samunsa a kowane gari, amma kayan gyaran birki mai faifai ko kacar keken zamani sai dai mutum ya zo da abinsa.

A ƙasan dutse kuma akwai Gandun Dajin Gashaka Gumti, wanda aka mayar gandun ƙasa a shekarar 1991, mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419. Hanyar da ta tashi daga wajen Serti zuwa ƙauyen Gashaka ta burji ce, tana ratsa daji da rafuka irin su Mayo Kam, kuma da rani ta dace da keke ƙwarai. Amma gandu yana da doka, ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikaci, kuma haka ya kamata, domin ma'aikatan sun sha arangama da mafarauta da masu saran madobiya. Tun shekarar 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ke aiki tare da hukumar gandayen ƙasa wajen kula da wurin, saboda haka akwai waɗanda za a zauna da su a tsara abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

Idan wani ya ce wannan mafarki ne, sai in nuna masa Ruwanda, ƙasar da ake yi wa kirari da mai tuddai dubu. A shekarar 2011 suka buɗe wata hanya mai tsawon kilomita 227 a gefen Tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda suke kira Congo Nile Trail, mai keke yakan gama ta cikin kwana biyar ko makamancin haka. Yawancinta tsofaffin hanyoyin ƙauye ne da manoman shayi da kofi ke bi tun da can. Aikin da hukuma ta yi shi ne auna ta, da kafa alamomi, da fitar da taswira, da tanadar wurin kwana a ƙarshen kowane zango. Ƙasar ta ci gaba da rungumar keke har Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya ta kan kwalta a watan Satumba na 2025, karo na farko a Afirka. Duk wanda ya ga hoton gonakin shayin Ruwanda ya kuma san Kakara zai gane dalilin da ya sa na kawo wannan misali.

Abin da ya sa na rubuto, ranka ya daɗe, shi ne tsoron yadda abin zai zo mana idan muka yi shiru. A yau mahayi ɗaya da wayarsa zai iya bin hanya, manhaja ta zana masa ita, ya ɗora a intanet, wasu su biyo sawunsa ba tare da sun tambayi kowa ba. A Mambila wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kusan kowane tudu yana da mai shi. Akwai wuraren kiwo da aka kewaye da waya, akwai gonakin masara a cikin kwari, akwai burtalin shanu, kuma kowa ya san cewa rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ya taɓa cin rayuka a wannan yanki. Baƙon da ya buɗe shinge ya bar shi a buɗe, ko ya sheƙo a guje ya tarwatsa garke, zai hau mota ya koma gida, mutanen gari ne za su zauna da abin da ya jawo. Ga kuma iyaka da Kamaru, inda rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya koro 'yan gudun hijira zuwa Taraba, don haka akwai ƙauyukan da bai dace a tura baƙo ba sai jami'an tsaro sun amince. Waɗanda suka san inda hanya ta ɓaci, da inda gada ta karye, da rafin da ake tsallakawa a watan Disamba amma ba a kusantarsa a Agusta, su ne 'yan acaɓa da masu unguwanni da arɗaɗe, kuma da su ya kamata a zana kowace hanya, a kuma biya su ladan saninsu.

Akwai kuma wata magana da nake so ta fito fili, kada wani jami'i ya karanta wasiƙar nan ya samu hujjar barin hanyoyin ƙauye a lalace da sunan jawo baƙi. Mai ɗauke da mace mai naƙuda zuwa asibitin Gembu, da manomin da dankalinsa da ayabarsa ke ruɓewa kafin su kai kasuwa, kwalta suke bukata, kuma haƙƙinsu ya riga sha'awar kowane mahayi. Ko an shimfiɗa wa manyan rassan kwalta, ƙananan turbobin da za su rage sun fi ƙarfin abin da mai keke zai gama a wata guda.

Roƙona ga ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido a Taraba da shugabannin ƙananan hukumomin biyu shi ne a fara da abu ƙarami a ranin da ke tafe. A zaɓi kewaye guda ɗaya wanda zai tashi daga Nguroje ya bi ta Kakara ya dawo, a tura matasan yankin su bi shi da keke su auna tsawonsa da hawansa, su rubuta inda ake samun ruwan sha da mai faci da masauki, a kai takardar gaban sarakuna da arɗaɗe su duba su cire abin da bai dace ba, sannan a kafa alamomi da Hausa da Fulatanci da Ingilishi. Idan an tashi wannan aiki ina da tsohon littafin da nake rubuta tafiye-tafiyena a ciki, kuma a shirye nake in miƙa shi ga waɗanda za su yi awon.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, daga Jalingo