Wasiƙa zuwa ga aminina mai koyon aikin gwajin barci a Amurka

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin garinku? Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin ka shiga kwas ɗin A-STEP na awa 80, wanda ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, AASM, ta tsara. Allah ya sa albarka. Na ga hankalinka ya tafi kan jarrabawar RPSGT, ta samun shaidar ƙwarewa a aikin gwajin barci, wadda hukumar BRPT mai ba da shaidar ke shiryawa. Tana nan tafe, bayan ka tara awannin aiki da marasa lafiya. A yanzu dai ka horar da hannunka, domin gwajin dare guda kacokan ya rataya ne a kan yadda ka manna wayoyin awo a jikin mara lafiya kafin a kashe fitila.

Kada ka taɓa sa waya a kan mutum da kintace. Ɗauki tef ɗin awo da fensirin alama, ka auna daga kwarmin karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, sannan daga kunne zuwa kunne, ka raba bisa tsarin 10-20, wato tazarar kashi 10 da kashi 20 cikin 100 na awon. Wuraren manna waya a gefen dama na kai, F4 da C4 da O2, su ne na aiki, ana haɗa su da M1 da ke bayan kunnen hagu. F3 da C3 da O1 na gefen hagu na ko-ta-kwana ne. Na ido, ɗaya santimita 1 ƙasa da gefen idon hagu, ɗaya santimita 1 sama da gefen na dama. Uku a haɓa, biyu-biyu a ƙwauri, ɗamara a ƙirji da ciki, sai bututun hanci.

Gyaran fata shi ne inda sababbi suke faɗuwa. Ka buɗe gashi har ka ga fatar kai, ka goge wurin da man gurza a kan tsinken auduga, ka cika kofin wayar da manne, ka danne da ƙyallen bandeji. Turjiyar fata, wato yadda take tare siginar lantarki, kada ta wuce kilo'om 5 a ma'auni. Mai kitso ko man gashi, ka ba shi lokaci da ladabi. In ka yi gaggawa, ƙarfe biyun dare wayar za ta ɗago, ka tashe shi daga barcin da aka zo aunawa.

Kafin ya kwanta ka sa shi ya buɗe ido daƙiƙa 30, ya rufe daƙiƙa 30, ya dubi hagu da dama, ya cije haƙori, ya motsa ƙafa, ya riƙe numfashi. Layin da bai amsa ba a allon kwamfuta, gyara shi nan take.

Cikin dare, in ka ga layuka suna lilo a hankali, sau da yawa zufa ce, ba barci mai nauyi na N3 ba. Ka sanyaya ɗakin. Layi ya yi baƙi ya yi kauri? Wutar lantarki ce ta shigo ta wayar da ta saki. Na'urar yatsa kuwa takan nuna oksijin sama da gaskiyarsa a jikin masu baƙar fata irinmu, don haka ka riƙa duban mutumin da sauran layuka tare.

Karatun sakamako daƙiƙa 30-30 ake yinsa. Ɗaukewar numfashi ita ce iska ta ragu da kashi 90 cikin 100 na daƙiƙa 10 ko fiye. In ƙirji da ciki suna ta kokawa, maƙogwaro ne ya toshe. In sun yi tsit, ƙwaƙwalwa ce ba ta aika umarni ba. Sau 5 a awa ciwo ne mai sauƙi, 15 matsakaici, 30 mai tsanani. Wajen saita CPAP, na'urar da ke hura iska ta takunkumi don buɗe maƙogwaro, ana fara matsin iskar daga 4, a ƙara 1, a jira aƙalla minti 5. Kafin ka ƙara, ka taɓa gefen takunkumin, wataƙila iska ce ke zurarewa.

Kai ma ka kula da barcinka na rana: labule mai kauri, wayar hannu a kashe. Ka rubuto mini bayan darenka na farko. A gaida mai ɗaki da yara.

Naka,
Amininka