Zuwa ga Abba, a kan sojojin roban nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya sanyi, ya karatu? Mu nan kowa lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya da kanta. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya daga "to Baba" sai "in sha Allahu Baba", mu rabu ban san abin da ya shiga kunnenka ba.

Yaron gidan Alhaji da ya kwana wurinka lokacin hutu ya dawo da labari, uwarsa ta kai wa Gwaggonka, kafin ya iso gare ni ya zama wai ka cika ɗaki da gumaka. Ban ɗauka ba, don na san wanda na haifa. Na kira ƙanwarka Zainab na ce ta nuna mini bidiyoyin da kake turo mata a ɓoye.

Na zauna na kalla sarai. Na ga yadda kake yanko hannu daban, kai daban, bindiga daban daga jikin firam ɗin roba, ka kankare, ka haɗa da gam, ka fesa masa baƙin fenti. Sannan ka ɗauko burushi mai bakin allura, ka tsinka fentin da ruwa, ka shafa sau biyu siriri don kada ya toshe zanen sulken. Wani ruwa-ruwan fenti mai duhu da ka zuba ya gangara cikin lunguna sai ga kowace gaɓa ta fito. Abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, har ido ka ɗiga masa. Abba, hannunka yana da kyau. Haƙurin da na gani irin na masu ɗinkin aska tara ne a cikin birnin Zariya, kuma ban yi mamaki ba, tun kana yin motar langa-langa a zaure mutanen unguwa ke tsayawa kallo. Ni ne na hana Kawunka ya farfasa maka su a lokacin, idan ka manta.

Na kuma gane dalilin da abin ya kama ka a can. Kamfanin da ke yin su, Games Workshop, a Landan aka kafa shi a 1975, amma hedkwatarsa tana nan Nottingham, a Lenton, kusa da jami'arku, da katafaren zauren wasansu da suke kira Warhammer World. Wasan da kake yi, Warhammer 40,000, tun 1987 ake yinsa, ka ga ya girme ka nesa ba kusa ba. Manyan mutane masu iyali ne ke jera runduna a kan teburi, su auna tazara da tef, su watsa ƙwayoyin lido. Mutum yana ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu a lokacin sanyi, ya samu abokan zama da ba mashaya suke kai shi ba, ba zan ce wannan sharri ne ba.

Maganar surori kuwa tana nan, ba na share ta. Ka san hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da sura, ka kuma san sassaucin da malamai suka yi na kayan wasan yara ne, kai kuwa ka wuce yaro. Zainab ta ce a labarin wasan akwai wani sarki da ake bauta wa da wasu alloli huɗu na ɓarna. Tatsuniya ce, na sani, amma bakin Musulmi ba ya sabawa da irin waɗannan kalmomi ko da wasa. Ka tambayi limamin masallacinku ido da ido. Kafin nan ka riƙa zuba su a akwati ka rufe, kada ka tayar da salla suna jere a gabanka.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne wata magana da ta suɓuce wa Zainab, wai yanzu mutane ke kawo maka rundunoninsu ka yi musu fenti su tura maka kuɗi a asusunka, har kana da layi. Ita murna take, wai ɗan'uwanta ya samu sana'a. Ni gabana ne ya faɗi.

Tare muka zauna muka karanta sharuɗɗan bizar nan. An yarda ɗalibin digiri ya yi aiki awa 20 a mako lokacin zangon karatu, a ƙarƙashin wanda ya ɗauke shi aiki. An haramta masa sana'ar kansa da kowane irin kasuwanci, komai ƙanƙantarsa. Karɓar aikin fenti a biya ka sana'ar kai ce. Yi wa sojoji fenti don ka sayar a eBay, kasuwar nan ta intanet, kasuwanci ne. Ba ruwan ma'aikatar cikin gidan Birtaniya da cewa fam ashirin ne ko abokinka ne ya ba ka. Kuɗin da ya shiga banki ya bar sawu, kuma mutum ɗaya da kuka saɓa a kan launi ko kan lokaci ya isa ya kai ƙara. In suka soke bizar, karatun ya tsaya ke nan, ka tattaro ka dawo babu kwali, kuma ƙasashe da yawa in ka nemi shiga nan gaba sai fom ɗinsu ya tambaye ka ko an taɓa korar ka daga wani wuri.

Ka san yadda Kawu Sani ya dawo daga Jidda, ka san abin da ya zama bayan nan. Ba zan sake ganin irin wannan a gidana ba. Ka kuma san abin da ya fita daga hannunmu kafin ka hau jirgi, ka san wanda ya yi kuka ranar da aka sa hannu a takardar gonar Kura. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, fam ɗin da muke samu a banki ƙasa da naira 600 ya haura 1,900 kafin shekara ta zagayo. A 2024 ɗaliban Najeriya a wata jami'a da ke arewacin Ingila aka ce su bar ƙasar saboda kuɗin makaranta ya gagara, ba laifin komai suka yi ba. Mu mun ƙulle ciki mun biya naka ba ko kwana ɗaya a makare, ƙannenka sun haƙura da abubuwa da yawa ba su ce uffan ba, sai kai ka ɗauki duk wannan ka ɗora a kan teburin wasa? Garin neman gira ka rasa ido? Wallahi raina ya ɓaci, Abba, kuma abin da ya fi ɓata shi, ka gaya wa ƙanwarka ka ɓoye mini.

Na san kuma me ya kai ka. Kayan nan da tsada, kana jin nauyin ka taɓa kuɗin abincin da nake turowa ka sayi fenti, sai ka ce bari abin ya ciyar da kansa. Wannan kunya ce ta ɗan halak, Allah ya yi maka albarka a kanta. Hanyar ce ba ta yi ba. In aikin kake so, garinku cike yake da kamfanonin wannan harka, Warlord Games da Mantic duk nan suke, ga shagunan sayar da kayan. Ka nemi wanda zai ɗauke ka a rubuce, da takardar albashi, cikin awa ashirin ɗinka. In ka gama, akwai bizar masu kammala karatu da ta yarda da sana'ar kai, a lokacin sai mu zauna mu yi magana.

Yanzu ga abin da nake so. Daga yau kada ka ƙara karɓar aikin kowa. Wanda ke hannunka ka mayar masa da kayansa da kuɗinsa, in ka riga ka taɓa kuɗin ka faɗa mini nawa ne in cika. Ka je ofishin da ke ba ɗaliban ƙasashen waje shawara a kan biza, ko na ƙungiyar ɗalibai, ka tambayi matsayinka. Naka sojojin ban hana ka ba, matuƙar ba su ci lokacin laccarka da sallarka ba. Feshin nan kuma ka fita waje ka yi, ka san ƙirjinka.

Ban gaya wa Hajiya maganar biza ba, kai ma kada ka gaya mata. Zainab kuma kada ka yi mata faɗa, ni na tsare ta. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka gaya mini ka mayar da kuɗin mutane. Ummanka tana gaishe ka, ta ce yajin da kilishin suna hannun yaron gidan Alhaji in zai koma.

Allah ya tsare mini kai.

Mahaifinka.