Tsadar labari ce ke hana furodusa saye

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka in tofa albarkacin bakina kan koken da matasan marubuta fim na nan Bauchi da Gombe suke yawan yi, wai furodusoshin Kano ba sa sayen labarin wanda ba ɗan gida ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don sanayya tana aiki a Kannywood kamar yadda take aiki ko'ina. Amma a iya abin da nake gani, yawancin labaran da ake dawo wa masu su da su, tsadar ɗauka ce ta kashe su tun a shafin farko.

Ni da kai, Edita, idan muka ɗauki labari, daɗinsa muke bi. Furodusa kuwa da biro a hannu yake karantawa, yana ƙirga lokeshin nawa ne, jarumai nawa, kwana nawa za a yi ana aiki. A ce marubuci ya rubuta: "Mahaya ɗari suka fito ta Ƙofar Wunti da asuba, a zamanin Sarki Yakubu." Shi bai kashe ko sisi ba. Mai kuɗi kuwa sai ya yi hayar dawaki, ya sayi harawa da dusa, ya nemo lifidi da masu da rawuna, ya ciyar da mutum ɗari, ya kwanar da su kusa saboda hasken asuba ba ya jiran kowa. Kuma Wuntin yau cike take da Keke Napep da turakun wutar lantarki da allunan talla, ka ga dole a tafi wani ƙauye a gina ƙofar daga tushe. Layi ɗaya ya lashe abin da zai isa a ɗauki rabin wani fim ɗin.

Ba rowa ba ce, kasuwar ce ta sauya. A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano sukan karɓi fim su baza shi ƙasa baki ɗaya har Nijar, kuɗi ya dawo. Masu tura finafinai a waya sun rusa wannan hanya. Yanzu abin ya koma tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda ake sakin fim mai dogon zango mako-mako. YouTube da talla yake biya, tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya kuwa ba ta kai darajar wadda ake nuna wa na Amurka ko Ingila ba. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk fitowar da aka ce da dare ne, janareta da fitilu ake nufi, ga mai ya yi tsada. Duk wurin da aka ce a Bauchi yake, ana nufin a kwaso 'yan wasa da kayan aiki daga Kano, a biyo ta Birnin Kudu da Ningi, a kama musu masauki.

Mu 'yan Bauchi kuma muna da wata cuta, kowa sai ya cusa Yankari a labarinsa. Ruwan Wikki yana da kyau a kamara, ban musa ba, amma akwai neman izini da kuɗin shiga da tafiyar sama da kilomita 100 daga gari. Giwa kuma ba ta fitowa don darakta ya shirya.

Kada a ɗauka ina cewa a koma kujera biyu a falo, Alhaji da Hajiya suna ta surutu har a tashi. Irin wannan ya ishe mu. Arha daban, lalaci daban. Ka ɗauki shagon tela ana gobe Sallah: an ɗauke wuta, ɗinkin amarya bai kammala ba, yaron shago ya ƙone shaddar wani mai faɗa a ji da dutsen guga, ga mai shaddar nan ya aiko direbansa. Ɗaki ɗaya ne, mutane ba su wuce biyar ba, kayan aikin duk suna nan a shagon, amma mai kallo ba zai tashi ba. Irin wannan furodusa yake karantawa ya ɗauki waya, domin yana iya fara aiki a makon. Wanda ya sayar da irinsa biyu ko uku, ya yi suna, shi ake saurara ranar da ya kawo mai dawaki. Kafin nan, babban labarin yana iya fitowa a littafi, inda doki dubu ba ya cin ko dami ɗaya na harawa.

Su ma furodusoshi da laifinsu. Sai su karɓi rubutun yaro su yi gum, ba a saya ba, ba a faɗa masa dalili ba. Me zai hana a ce masa ga iya abin da muke da shi, rage wurare, mayar da dare rana? Ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ma tana iya shirya wa marubuta bita kan yadda ake fitar da kasafin kuɗi daga rubutu, a kawo ta har Bauchi da Gombe, kada ta tsaya a Kano kaɗai.

Kai kuma Edita, don Allah ka tura wakilinku ya zauna da wani furodusa, ya faɗa wa masu karatu nawa ake kashewa a yinin ɗauka guda, daga hayar kamara har abincin rana.

Na gode.

Mai karatunku a kullum,
daga Unguwar Jahun, Bauchi